Kututturen da Ya Zaɓa Mini Inji

Daga Kazaure zuwa Babura, ka zagayo ta Roni ka ɓulle Gwiwa, babu bishiyar da ba ta san sunana ba. Ni ne Sale Mai Inji. A zamanin da nake ji da kaina, idan na ɗaura injina a bayan babur na shiga gari, kuka mai shekara ɗari uku sai ka ga tana karkarwa ko da babu iska, tsamiya kuwa tun ban sauka ba take fara zubo da 'ya'yanta, wai ko zan karɓi toshiya in wuce. Na taɓa tayar da inji a Roni, wata mata a Achilafiya ta kwashe shanyarta da gudu tana cewa hadari ya taso. Wanda bai yarda ba ya je ya tambaye ta, ko da yake na ji an ce ta yi ƙaura.

To ku samarin da kuke zama a rumfata kuna cewa aikin inji ai jan igiya ne kawai, sauran inji ne yake yi, ku gyara zama. Ni ɗin nan da bishiyoyi suke tsoro, mataccen kututture ne ya zaɓa mini injin da nake ci da shi yau, kuma a bayan babur ɗina na goya shi har shago.

Shekara uku na yi a hannun maigidana Mamman Dogo a nan Kazaure. Shekarar farko ko igiyar inji ban taɓa ba. Aikina ɗaukar jarka, haɗa fetur da mai daidai gwargwado, sai wasa sarƙa. Ka kafa injin a kan gungume, ka ɗauki siririn magagari, kowane haƙori guga uku, ba huɗu ba, ba biyu ba, ka gama na dama ka juya ka yi na hagu. Idan ka fifita wani gefe, yankan zai riƙa karkata kamar jakin da aka yi wa kaya ɓangare guda. Maigida ba ya duba sarƙar ma. Sai ya yi yanka ɗaya ya damƙi abin da ya zubo. Idan ya fito falle-falle kamar ɓawon gyaɗa, ka ci abinci. Idan ya fito gari kamar na tuwo, ka koma ka zauna. Shi ya koya mini kallon inda bishiya ta karkata, da inda iska take son kai ta, da cewa kan takobi, wato ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa, ba ya taɓa komai, don idan ya taɓa sai injin ya yi tutsu ya nufo goshinka. Tabon da ke haɓata shaida ne cewa sau ɗaya na yi masa musu.

Akwai kuma karatun da yake maimaita mana kullum kamar wuridi: ƙasa-ƙasa. Masu kiranmu aiki a lokacin manoma ne da ke son garmar shanu ta wuce ba ta sarƙe ba, da masu fili da za su kafa gini, da masassaƙan da ke neman gungumen turmi. Dukansu ba mai son ganin kututture. Gwanin inji shi ne wanda idan ya tashi daga wuri za ka shimfiɗa tabarma ka yi salla ba ka san an taɓa yin bishiya a nan ba. Da wannan na sauke, da shi na yi suna.

Da na samu kaina, injin da na saya shi ne mafi girma a shagon. Takobinsa inci talatin da shida, nauyinsa kamar ka rungumi ɗan maraƙi. Na sa masa suna Toron Giwa. Kuma kada ku ga laifina, a ƙasar nan da ƙara ake auna mai inji. Idan mutum biyu suka tsaya a bakin kasuwa, wanda nasa ya fi firgita awaki shi ake ɗauka.

Toron Giwa ne ya kai ni wurin Baba Ilu. Wani dattijo ne a wani ƙauye tsakanin Gwiwa da Roni, yana da kurmin bishiyar turare a bakin fadama, wanda ya dasa da hannunsa tun yana saurayi, lokacin da malaman daji suke raba dashe mutane suna karɓa suna bai wa awaki. Shi ya dasa nasa ya yi ta ban ruwa da tulu. Abin da ban sani ba a ranar, tunda ya dasa su bai sake dasa ko ɗaya ba. Yakan sare, kututturen ya tofo, bayan shekara huɗu tohon ya zama sanduna biyar ko shida miƙaƙƙu kamar an ja su da zare, ya sake sarewa. Ya raba kurmin gida-gida, bana nan, baɗi can, kafin ya zagayo na farko sun isa. Magina suna saye su tokare rufin kankare, masu rumfa suna saye, masu rufin ɗaki suna saye. Fiye da shekara arba'in da gatari ɗaya, an dai sauya masa ƙota. Sai kafaɗarsa ta dama ta ƙi, hannun ba ya ɗaguwa sama da ƙirji, shi ne ya sa aka nemo mai inji, aka ce ai babu kamar Sale.

Da safe ya zagaya da ni gidan da za a sare, kututture ashirin da huɗu a gefen hanya. Yana ta bayani a hankali, yana nuna wani abu da yatsu huɗu, yana karkata tafin hannu. Ni kuwa ina ta “to Baba, to Baba,” hankalina yana kan yadda mutanen ƙauyen za su ji idan Toro ya yi gyaran murya. Ya ce zai je suna gidan 'yarsa a Gwiwa, zai dawo bayan azahar. Na ce ya tafi da kwanciyar hankali, ya bar aiki a hannun masu shi.

Tun a kututturen farko na ga abin ba daɗi. Sandunan sun fito daga kai ɗaya a cunkushe, tsakaninsu bai wuce tafin hannu ba. Idan na sa takobi in yanki ɗaya, sai kansa ya ciji na bayansa, injin ya yi tutsu. Ga nauyi, ga sunkuyo. Na dai kakkarya su yadda ya samu, wani a gwiwa, wani a ƙwauri, ɓawo yana yagewa har ƙasa. Da na gama na juyo na dubi wurin, sai kunya ta kama ni. Kawunan kututturen nan duk ƙulu-ƙulu, tabo kan tabo, ga guntaye sun cako kamar haƙoran tsohon kada. Na ce haba, wannan tsoho shekara arba'in bai samu wanda zai share masa wannan ƙazanta ba? Bari in yi masa kyauta. Na kwantar da Toro a ƙasa, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina fille kawunan daidai da ƙasa. Sarƙa biyu yashi ya cinye mini, ban damu ba. Kowane kututture ya koma shafal kamar faifai, baƙin man da nake zuba wa sarƙa ya shafe shi yana ƙyalli.

Baba Ilu ya dawo ya tsaya a bakin hanya. Ya cire hula, ya mayar. Ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Ni na ɗauka kyan aikin ne ya girgiza shi. Ya tambaye ni ko na ci abinci, ya sa aka kawo mini fura, ya sallame ni ba ragi. Alfarma ɗaya ya roƙa, in taya shi mirgina kan babban cikinsu, wanda yake kira Uwar Garke, zuwa zaurensa. Na ce a raina kujera zai yi da shi. Na hau babur ina fito.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Bazara ta zo, ba abin da ya fito. Damina ta sauka, ruwa ya kwanta a kan faya-fayan nan nawa, suka yi baƙi, naman kaza ya tsiro a kai, gara ta shiga. Cikin ashirin da huɗu, biyar ne suka turo wani ɗan toho daga gefe, siriri kamar tsinken tsire. Sauran sun tafi ke nan. Baba Ilu bai kai ƙarata ko'ina ba, bai ma faɗa wa kowa ba, amma kurmin a bakin hanya yake, duk mai zuwa kasuwar Gwiwa sai ya gani. Kafin kaka sunana ya koma Sale Ƙwal-kwabo. In shiga wurin mai shayi a ce a ɓoye kawuna wanzami ya zo. Duk mai 'yar bishiyar da yake so a rage mata reshe ya daina kirana, sai masu son a kashe. Har wani ya zo daga Babura takanas, ya ce yana da bishiyar dogon yaro a tsakar gida ya sare ta sau uku tana dawowa, an ce masa hannuna ba ya tashi.

Sanyi na ƙarewa, wata safiya ina wasa sarƙa, sai ga Baba Ilu a ƙofar rumfata. Na rasa inda zan sa kaina, na durƙusa na gaishe shi, na ba shi benci. Ya ce aiki ya kawo mini. Na ce ko gona ya saya za a share? Ya ce a'a, Layin Kowa ne ya isa sara.

A nan na fara jin labarinsa. Can ƙarshen kurmin, ta wajen ruwa, akwai kututture goma sha ɗaya da bai taɓa sayar da ko tsinke daga jikinsu ba. Duk shekara huɗu yakan sare su, ya yanyanka kamu bibbiyu, ya kai rumfar da ke bakin maƙabarta ya jera. Su ne itacen da ake jerawa a kan ramin ciki na kabari kafin a sa ganye da ɗanyar ƙasa. Tun da ya fara, ba a taɓa yin rasuwa a ƙauyen aka fita neman itace ba, kuma ba a taɓa sare bishiyar inuwa saboda kabari ba. Shi ya sa ake ce masa Layin Kowa, don kowa yana da rabo a ciki, ko ya so ko bai so ba. Yanzu abin da ya rage a rumfar bai wuce na mutum uku ba. Ya gwada samari biyu da gatari a wani kututture, suka tsaga shi gida biyu, sannan suka tafi ci-rani. Da ya ambaci sunana a ƙofar masallaci, dagaci ya ce gara a kira gobara. Idan layin nan ya mutu, babu wani, sabon dashe kuwa kafin ya kai, waɗanda za su buƙace shi da yawa sun riga shi.

Na ce, “Baba, duk masu injin ƙasar nan, sai ni da na yi maka wannan ɓarna?”

Ya ce, “Su ba su taɓa ganin yadda yake mutuwa ba. Kai ka gani. Tashi ka kai ni gida, akwai wanda zai raka mu kasuwa.”

Wanda zai raka mu ashe kan Uwar Garke ne. Yana nan a zaure shekara guda, ya bushe, faɗinsa kamar bakin turmin sakwara, guntayen sandunan da na kakkarya suna nan tsaye a kansa guda shida. Kafin mu ɗaure shi, Baba ya sa na tsuguna. Ya ɓamɓare ɓawon gefe da farce ya nuna mini wasu 'yan ƙuraje a jikin itacen, jere-jere, ba iyaka. Ya ce idanu ne. Kowane ɗaya reshe ne da yake barci, yana iya shekara ashirin a rufe, ba zai farka ba sai an sare na samansa. Duk ƙulu-ƙulun nan da na kira ƙazanta, rumbun idanu ne da bishiyar ta tara tun kafin a yi mini kaciya. Saiwar kuma tana can ƙasa inda guga ba ya kaiwa, tana jiran ta ga ta inda za ta turo. “Ka fille masa kai,” in ji shi, “ka dawo kana mamakin bai buɗe ido ba.”

Na daɗe ina kallon abin nan. Shekara goma sha biyar ina yanka itace, ban taɓa sanin abin da nake yankawa yana da ajiya a ƙarƙashin riga ba.

Haka muka shigo Kazaure, ni a gaba, Baba a tsakiya, kututture a baya an ɗaure shi da roba, babur yana tafiya yana ɗaga kai kamar raƙumi. Muka sauke shi a tsakiyar shagon Alhaji Sabo mai injuna. Alhaji ya leƙo ta saman tabarau ya ce, “Baba, nan ba a sayen itacen girki.” Baba ya ce ai ba sayarwa ya zo yi ba, mai sayayyar ne ya kawo, a fito masa da kaya ya duba.

Alhaji da ya san ni, manya ya fara saukowa da su. Baba bai san komai a inji ba, ko inda ake zuba mai bai sani ba, kuma bai tambaya ba. Abu ɗaya yake yi. Sai ya ce in zura takobin tsakanin guntayen nan, in kwantar da shi a jikin ɗaya kamar zan yanka daga ciki zuwa waje. Idan kan takobin ya taɓa ɗan'uwan da ke baya, sai ya ce, “Ya ƙi.” Mai inci ashirin da huɗu, ya ƙi. Mai ashirin, ya ƙi. Mai sha takwas ya shiga ta wani gefen, ta wani gefen ya ƙi. Alhaji yana ta yabon ƙarfin kowanne, wannan zai kayar da gawo cikin ƙiftawar ido, wannan daga ƙasar waje ya zo jiya. Baba ya ce shi ma kututturen ya ji, amma ya ƙi.

Can Alhaji ya gaji, ya tura hannu ƙarƙashin kanta ya jawo wani kwali yana dariya. Ya ce wannan masu lambu yake ajiye wa, su rage reshen mangwaro. Takobinsa inci goma sha huɗu, taƙi ɗaya da rabi. Na ɗauke shi na ji kamar na ɗauki butar alwala. Na zura. Ya shiga tsakanin guntaye shidan nan ta kowace fuska, ya juya, ya fito, bai gaisa da kowa ba.

Na ce, “Baba, idan na shiga gari da wannan, ai kaji ma ba za su matsa ba.”

Ya ce, “Kaji za ka sara?”

Bai ƙare ba. Ya ce in tsuguna, in riƙe injin a karkace dab da ƙasa yadda zan yi aiki, kada in tashi sai ya gama cin goro. Na ce wannan ai wasa ne. Ashe Baba ba shi da haƙori ko ɗaya, da magogi yake yawo a aljihu. Ya fito da goron, ya goge shi da bakin riga, ya ɓare, ya fara gogawa a hankali yana tambayar Alhaji lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya har jikoki. Na rantse muku a tsugunnon nan an yi kiran salla an idar, wani ya sayi janareto ya dawo da shi an gyara. Amma hannuna bai gaji ba. Da Toro ne da tuni an kai ni wurin mai ɗori. Baba ya ce aikin kututture ba a tsaye ake yinsa ba, yini ake yi a durƙushe, kuma hannun da ya gaji shi ne yake neman gajeriyar hanya. Na san da wa yake.

Daga nan ya ce nasa ya ƙare, saura nawa, tunda ni na san ƙarfe. Wannan ku riƙe, don ko kututture bai raka ku ba za ku buƙace shi. Na sa aka zuba mai na ja igiya, a ja na uku ya tashi, na kashe na sake, ja ɗaya. Injin da ke wahalar da kai a shago, a daji sai ya sa ka yi saɓo. Na buga birkin sarƙa da bayan hannu na ga ta tsaya cak. Na nuna kan takobi ga farin kwali na ba shi wuta, na ga ɗigon mai ya yi layi, alamar yana shayar da sarƙa. Na tambaya ko ana samun sarƙarsa da fulogi da igiya a nan garin, don inji komai kyansa idan sai an je Kano neman haƙorinsa, ado ne. Akwai wani da ya fi shi ƙanƙanta, mai mariƙi a sama da ake riƙewa da hannu ɗaya, na ƙi shi, don a ƙasa tsakanin sanduna hannu biyu kake so a kan inji, ɗaya gaba ɗaya baya. Alhaji ya nuna mana mai batir, shiru kamar keken ɗinki. Baba ya so shi ƙwarai, har na tambaye shi inda za mu riƙa yin caji a ƙauyensu, ya ce a bar maganar. A ranar na bar Toron Giwa a shagon aka yi musaya. Masu shayi suka raɗa wa sabon injin suna tun kafin in kai gida: Ɗan Tsako.

Sharaɗi ɗaya Baba ya ƙara, baƙin mai ba zai taɓa Layin Kowa ba. Ya kawo man gyaɗa a kwalba daga gidansa ya ce shi za a zuba wa sarƙa. Na ce ba a taɓa yi ba. Ya ce yau za a taɓa. Kuma ya yi, sai dai duk yamma ka wanke, in ba haka ba ya daskare. Muna fara aiki kurmin ya ɗauki ƙamshi, har wata tsohuwa ta biyo hanya da kwano tana tambayar inda ake suyar ƙosai.

Kwana uku muka yi a kan kututture goma sha ɗaya, aikin da da Toro kafin hantsi na gama. Dagaci da mutum biyar suna zaune a inuwa suna kallo. Kowace sanda sau biyu ake yanka ta. Na farko a daidai ƙugu, a ɗan tsaga ta gefen da za ta faɗi sannan a gama ta baya, don nauyinta ya tafi ba tare da ta ja ɓawo ba. Sannan ka durƙusa ka yi na gaskiya: yatsu huɗu sama da tsohon kai, a karkace, gangaren yana kallon waje, yadda ruwan sama zai zube ƙasa maimakon ya taru a tsakiya. Yanka ɗaya, sumul, ɓawo a manne ko'ina. Baba yana bi da tsintsiya yana share garin itacen, yana shafa kowane yanka da tafin hannu kamar mai duba goshin jariri. A ƙarshe muka ja ƙaya muka kewaye saboda awaki.

Yana shara yana karanta mini tabban da ke kan kowane kututture. Wannan saran shi ya rufe mahaifiyar liman. Wannan na shekarar da ƙyanda ta shiga gari ne, sandunan ba su gama kauri ba ya sare, don ƙananan ramuka ba sa bukatar mai kauri. Wannan ya rufe mutumin da suka yi shekara goma ba sa gaisawa saboda iyakar gona. Kututture ɗaya, faɗinsa bai fi tabarmar salla ba, ya rufe mutum fiye da talatin, kuma ga shi nan da ransa yana shirin na gaba. Na kashe injin na zauna. Duk surutuna, ranar har muka tashi ban ƙara ba da labari ko ɗaya ba, abin da iyalina har yau ba su yarda ya faru ba.

Muka yanyanka kamu bibbiyu, aka kai rumfar maƙabarta a amalanke, ta cika har sama. Baba ya zaɓi tara miƙaƙƙu ya ɗaure da igiya daban, ya ce nasa ne, kada a sa masa masu lanƙwasa. Sau biyu ke nan ana kwance ɗaurin nan a bai wa wani, shi yana nan yana goga goro.

Sai jira. Rumfa ta cika, amma kowa ya san ba ita ce maganar ba. Bazara ta kankama, zafi kamar a gasa gurasa a kan sirdin babur, sama ko gizo-gizon hadari babu. Duk bayan kwana uku sai in sami dalilin bi ta hanyar, wai zan je Roni. Mako biyu, ba komai. Mako uku, kututturen sun yi fari sun tsattsage a sama, na ce shi ke nan, Ƙwal-kwabo ya maimaita. Dagaci ya daina amsa mini sallama da baki, sai da gira. Baba kuwa idan na tambaye shi sai ya ce in je in sha ruwa.

A mako na biyar, da hantsi, na same shi tsugune a cikin ƙaya. Ya yafito ni. A jikin ɓawon, ƙasa da yankan da yatsa biyu, wasu 'yan jajayen abubuwa sun fasa sun leƙo, kamar kan ashana. Na zagaya kututturen a durƙushe. Ko'ina ne. Ko ɗigon ruwa bai sauka ba tun watanni shida, ƙasar wurin idan ka taka sai ta ƙone ka, amma ga abu ya fasa busasshen ɓawo ya fito jawur yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Bayan kwana goma sun kai taƙi, kowane kututture ya yi rawani ja da kore. Goma suka fito. Na sha ɗaya, mafi tsufa, ya yi shiru har mako guda, ina ganin ja mini rai yake yi, sannan ya turo fiye da na kowa. Kafin ruwan farko sun kai ƙirjina, muka bi muka rage, aka bar wa kowanne biyar masu ƙarfi.

Ranar da na sha ɗayan ya fito, rabin ƙauyen ya zo kallo. Dagaci da kansa ya miƙo mini hannu. Nan fa tsohon ciwona ya tashi. Na ɗaga Ɗan Tsako sama da hannu ɗaya, na ce jama'a su shaida, daga Kazaure har bakin iyaka babu mai hannu irin nawa, ni ne mutumin da idan ya yanka abu sai ya tashi, wanda duk yake son bishiyarsa ta haihu ya nemi Sale.

Baba Ilu yana gefe yana goga goronsa. Bai ko ɗago ba.

Ya ce, “Sale, ba kai ka tashe su ba. Bana dai ka kasa kashe su ne.”